Sunan da Armiya'u Ya Yi Karatu da Shi

Ranar wata Alhamis ce cikin Agustan 2001, da hantsi. Ina bisa katako ina yi wa bangon wani aji filasta a bayan garin Zurmi, sai na hango Atiku, direban sashen ayyuka na Ƙauran Namoda, ya tsaya daga nesa bai ƙaraso ba. Atiku mutum ne mai surutu, tun daga bakin hanya yake fara zolayar leburori. Ran nan sallama kawai ya yi, ya ce in sauko.

Na sauko da cokalin gini a hannuna. Ya ce, "Rufa'i, sai haƙuri. Mudi Sanda ya rasu. Ruwa ya tafi da shi jiya da la'asar wajen Katuru, yau da safe aka gan shi."

Mutum biyu ke amsa wannan suna. Akwai Mudi na ainihi, manomi a Katuru. Akwai kuma ƙanensa Armiya'u, aminina, wanda ofis da takardu suka sani da sunan yayansa. Allah ya yafe mini, a wannan lokacin na so a ce yayan ne. Har na buɗe baki na ce, "Wane Mudin?" alhali na san Atiku ba zai tuƙo mota tun daga Ƙaura ba don manomin da bai taɓa gani ba.

Ya ce, "Injiniya."

Ban san yadda aka yi na shiga motar ba. Simintin da na kwaɓa ya bushe a kwano, sai bayan kwana huɗu na tuna da shi.

Ni karatuna aji bakwai ne. Amma na ga ya kamata wani ya rubuta labarin Armiya'u da sunansa na yanka, ko sau ɗaya ne, tun da duk takardun karatun da ya tara a duniya babu mai ɗauke da shi.

Ga yadda abin ya samo asali. Muna yara a Katuru aka aiko wa dagaci cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko. A gidan Malam Sanda aka rubuta Mudi, ɗan fari. Amma Mudi ya isa riƙe garma, shi ke kora shanu, mahaifinsu kuwa ba shi da wani mataimaki. Ranar da za a tafi da yara sai Malam Sanda ya tura Mudi daji tun da asuba, ya wanke Armiya'u, ya ce masa, "In an kira Mudi ka ce na'am." Ba gidansu kaɗai aka yi haka ba. A ajinmu mutum uku ne ke amsa sunan yayyensu, kowa a gari ya sani, malamin ma ya sani.

Armiya'u bai fi shekara shida ba. Da aka ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, hannun bai kai ba, sai ya karkatar da kan don ya kai. Malamin ya yi dariya ya ce a bar shi. Benci ɗaya muka zauna. Na girme shi da shekara biyu, ni ke kare shi a wajen wasa, shi ke yi mini lissafi.

Da muka gama aji bakwai ni aka kai ni Ƙaura koyon gini. Shi ya wuce makarantar fasaha, ya yi 'yan shekaru yana aiki, sannan ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Ƙaura ya yi ƙaramar difloma da babba a fannin gine-gine. Duk tsawon karatunsa a ɗakina yake cin tuwo. Ya je kudu bautar ƙasa, ya dawo aka ɗauke shi sashen ayyuka, ya auri Naja'atu, suka haifi 'ya'ya uku. A ofis Injiniya Mudi ne. A gida da wurina Armi ne.

Na yi aiki a ƙarƙashinsa sau da yawa, ban taɓa jin ya ɗaga wa lebura murya ba. Amma 'yan kwangila ba sa son ganin babur ɗinsa. In tifa ta sauke yashi, sai ya damƙo hannu guda ya jiƙa, ya goga a gaban farar rigarsa. In ya bar jan tabo, ya ce a kwashe, laka ce. Naja'atu ta sha yi mini ƙorafin wanki. Akwai ranar da ya sa na rushe bangon kwalbati da na yini ina ɗorawa, don rodin da aka sa sirara ne. Na yi kwana uku ba na kula shi. Rana ta huɗu ya zo ƙofar gidana da tsire a takarda, ya zauna ya fara ci shi kaɗai yana cewa, "Birkila mai fushi ba ya cin nama." Dole na yi dariya.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kwalbatocin ƙasarmu. Tsakanin Zurmi da Shinkafi, kwalbati kan yi damina biyu ko uku ruwa ya ɗauke shi, a sake, ya sake ɗaukewa. Armiya'u ya ce ba ha'incin siminti ne kaɗai ba. Masu awo da rani suke zuwa, su tarar da ƙorama busasshiya, su auna faɗin yashi su koma. Ba wanda ke tambayar manomin da ya shekara hamsin yana kallon wannan ruwa. Shi sai ya sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Duk ƙoramar da muka je aiki, sai ya nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, nuna mini inda ruwa ya taɓa kaiwa." Tsoho ya nuna jikin giginya ko gindin tsamiya, ni in riƙe masa tef ɗin awo, shi ya rubuta. Littafi tara ya cika a haka.

Da aka ba mu jihar Zamfara a 1996, sai ya zama ana neman 'yan jiha masu zurfin karatu, aka fara ba ma'aikata hutun ƙaro ilimi. Armiya'u ya ce zai yi digiri na biyu a kan aikin gine-gine da tafiyar da shi, irin wanda bincike ne zalla, ba zaman aji ba. Na ce me zai ƙara masa, tun da ya riga ya fi kowa sanin aikin? Ya ce, "In ni na faɗa, maganar mai babbar difloma ce. In jami'a ta buga hatimi a kai, sai a canza yadda ake awo."

Sharuɗɗan suna da yawa, har na haddace su don yawan ji. Kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, yana da su. Mai babbar difloma ba a ɗaukarsa kai tsaye sai ya yi wata diflomar ta shekara guda a jami'a, ya je ya yi, ya fito da sakamako mai kyau. Takardar bautar ƙasa. Cikakken sakamakonsa da makarantun za su aika da kansu, ba ta hannunsa ba. Wasiƙun shaida daga malamai uku. Takardar ofis cewa an sake shi. Sai tsarin binciken da zai yi, da malamin da ya yarda zai duba shi. Wannan shi ne mai wuya, kuma shi ya fi zo masa da sauƙi. Ya kai wa wani tsohon farfesa littattafan nan tara, mutumin ya yini yana buɗawa, ya ce ya karɓe shi. Amma ya gaya masa shekara biyu suka rage masa ya bar aiki, in bai shigo cikinsu ba babu wanda zai riƙe masa gurbi.

Abu ɗaya ya rage, mafi ƙanƙanta a jerin: takardar rantsuwar shekarun haihuwa, ta asali. Tun zamanin shigarsa kwaleji mahaifinsa ya dangwala yatsa a kan wata da aka buga da tafireta a gindin bishiya. Da Armiya'u ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiyarta, ya tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye ta. Sauran takardun suna cikin leda, ita kaɗai ya manta a waje.

Irin wannan takarda ba mai ita ke rantsewa ba, sai uba ko wani babba a gida. Malam Sanda ya rasu, mahaifiyarsu ma. Na ce, "Wannan ai ba komai ba ne. Na girme ka. Mu je in ce ni ne yayanka." Haka kowa ke yi, ni kaina na yi wa mutum biyu a baya. Ka sa hannu, a buga hatimi, ka fito.

Muka je kotu a Shinkafi. Lokacin an fara aiki da Shari'a, shekarar 2000 ke nan. Magatakarda ya rubuta abin da zan faɗa: cewa ni Rufa'i wan Mudi Sanda ne uwa ɗaya uba ɗaya, an haife shi a gabana shekara kaza. Sai ya nuna mini buta ya ce in yi alwala. Na fita na yi. Da na dawo na tarar an ɗora Alƙur'ani bisa teburin alƙali.

Gaskiya zan faɗa, na matsa. Na yi niyyar ɗora hannu. Sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu ta baya, riƙo mai ƙarfi.

Armiya'u ya ce, "Allah gafarta Malam, a dakata. Wannan ba yayana ba ne, abokina ne. Ni kuma ba sunana Mudi ba."

Na ce a hankali, "Armi, ka bari mana, ni na ɗauka."

Ya ce, "Ba za ka ɗauka ba. Ka wanke hannu ka taɓa Littafi ka yi ƙarya saboda kwalbati? In tashi da kai a ina ranar gobe?"

Alƙalin dattijo ne. Ya sa aka ba mu wurin zama, ya saurari labarin tun daga ranar da aka tura Mudi daji. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce shi ma a ajinsu akwai irin haka. Ya ce akwai hanyar gaskiya: mai sunan ya zo da kansa ya rantse cewa ƙanensa Armiya'u ne aka kai makaranta da sunansa, ya faɗi shekarar da aka haife shi. Kotu za ta ba da takarda cewa Armiya'u da Mudin da ke cikin takardun karatu mutum ɗaya ne.

A hanya na ce masa mu tafi wani gari inda har yanzu sa hannu kawai ake yi. Ya ce, "Da ban ga abin da na gani yau ba, da na bi ka. Yanzu na san mece ce takardar nan. Ko babu Littafin a teburi, yana nan."

Muka wuce Katuru. Mudi yana zaure yana gyara ƙotar fartanya. Armiya'u ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Mudi bai ɗago ba sai da ya gama.

Ya ce, "Kotu? Ni za ka kai kotu, ɗan boko? Yanzu da anka ce ba a wasa?"

"Yaya, ba ƙara ba ce. Shaida ce kawai."

"Shaidar mun cuci hukuma shekara talatin. To wa za a kama? Baba ya tahi."

Na sa baki na ce alƙali da kansa ya ce babu laifi. Mudi ya dube ni ya ce, "Kai Rufa'i, bulo za ka koya mini ko shari'a?" Sannan ya ajiye fartanyar ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce, "Baba ya ɗauki ƙafafuna ya ba shanu, ya ɗauki sunana ya ba makaranta. Ƙafafun ga su nan sun tsage. Sunan shi ne yat tahi ya zama mutum. Allon da kunka kafa bakin gadar can, na kai yarana anka karanta musu, Injiniya Mudi Sanda. Shi kaɗai na samu cikin bokon ga. Yanzu in je in rantse a goge shi?"

Armiya'u ya ce ba za a goge ba, digirin ma da sunan Mudi zai fito. Mudi ya ce, "Haka kuke cewa. Ku ke karanta takarda, ni yatsa nika dangwalawa."

Shekarar nan aka rufe karɓar fom yana zaune da fayil a gabansa.

Daga nan na ga abokina ya canza. Bai daina aiki ba, bai daina goga yashi a riga ba, amma ya rage magana. Ya tura limamin Katuru wurin Mudi, bai yi ba. Ya tura dagaci, abin ya ƙara lalacewa, Mudi ya ce an haɗa shi da manya. Ni na ji haushin Mudi ƙwarai, na faɗi magana marar daɗi a kansa. Armiya'u ya ce, "Kada ka ƙara. Duk safiyar da na tafi makaranta da allo, shi yana bayan shanu cikin raɓa. Ban taɓa tambayarsa ko yana so ya je ba."

Damina ta sake zagayowa, shekarar farfesa ta ƙarshe. An ce ranar Juma'ar ƙarshen Agusta za a rufe karɓar takardu. Tsakiyar watan sai Armiya'u ya ɗauki hutu ya tafi Katuru ba tare da fayil ba. Ya karɓi fartanya ya shiga gonar Mudi maimai. Kwana goma sha ɗaya yana bin kunya ɗaya da yayansa, daga safe zuwa azahar, bai ambaci takarda ba ko sau ɗaya. Mutumin da rabonsa da noma tun yana yaro. Mudi ya gaya mini daga baya cewa kwana uku na farko dariya yake yi masa, yana cewa injiniya ya sare gero ya bar ciyawa. Rana ta shida ya ga jini a ƙotar fartanyar, ya ce ya koma inuwa, ya ƙi. Rana ta goma sha ɗaya suna shan fura a gindin kanya, Mudi ya ce, "Wace rana alƙalin naka ke zama?"

Ranar Laraba suka je Shinkafi. Mudi ya yi alwala ya rantse, ya faɗi cewa an haifi ƙanensa shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci, aka lissafa aka rubuta. Sai da ya sa magatakarda ya nuna masa da yatsa inda sunansa yake a takardar, sau biyu.

Da sun rabu a nan Shinkafi, da Armiya'u ya kwana Ƙaura lafiya. Amma ranar ba ta kasuwa ba ce, babu mota, kuma ba zai bar yayansa ya taka ƙasa ba bayan abin da ya yi masa. Ya goya shi a babur ya mayar da shi har ƙofar gida. Akwai wata ƙorama a hanyar da kwalbatinta ya tafi tun bara. Da suka wuce ruwan iyakar idon sawu ne. Yana Katuru aka yi ruwa mai yawa ta gabas. Kafin ya dawo bakin ƙoramar da la'asar, ta cika ta kawo, ja wur, tana tafe da kara da rassan itace.

Mutanen da ke bakin ruwan sun ce sun hana shi. Wani tsoho da ya taɓa nuna masa alamar ruwa a jikin giginya ya ce masa, "Injiniya, kai ka fi kowa sanin wagga ƙorama. Ka bari sai gobe." Armiya'u ya ce hadari na sake haɗuwa, in aka ƙara ruwa sai ta kwana biyu ba ta faɗa ba, shi kuma dole ya kama motar Alhamis da safe daga Ƙaura in zai isa jami'a kafin Juma'a. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan. Ya jefa kara ya bi shi da ido. Sannan ya bar babur a hannun tsohon, ya naɗe takardar cikin leda biyu, ya ɗaura a wuya cikin riga, ya shiga ta inda ya san ƙasa ta fi tudu. Ya wuce rabi. Sun ce wani kututture ne ya zo ta ƙarƙashin ruwa.

Ni da Atiku mun isa Katuru an riga an kai shi. Ban ga fuskarsa ba. Na tarar da Mudi a zaure, mutanen ofis suna shigowa suna cewa Allah ya jiƙan Mudi, shi kuma yana amsawa da amin. Da wuri ya yi sauƙi ya ciro ledar daga aljihu ya miƙo mini. Ko ɗigon ruwa bai taɓa takardar ba. Ya ce, "Karanta mini." Na karanta masa har ƙarshe. Ya ce, "Da bara na je."

Naja'atu da yaran suna Katuru yanzu, Mudi ke riƙe da su. Babbar 'yar, Muhsina, ta shiga sakandare bana.

Babur ɗin da ya tafi da shi nawa ne, nasa ya lalace. Ranar Talata da safe ya zo karɓa, ina shirin fita tasha in hau motar Zurmi. Ya rame, rana ta ƙona shi, tafukansa duka biyu naɗe da tsumma. Amma fuskarsa a sake take, rabon da in gan shi haka an fi shekara.

Na ce, "Da waɗannan hannuwan za ka riƙe kan babur?"

Ya ce, "Da su na riƙe fartanya."

Na ce ya jira in gama filastar nan mu tafi tare, ni in tuƙa. Ya ce babu lokaci, kuma Mudi in ya gan ni zai iya fasawa. Muka yi dariya. Na nuna masa birkin baya ba ya kamawa sosai, sai ya haɗa da na gaba. Ya hau, ya buga sau uku kafin ya tashi.

Ya ce, "Rufa'i, in sun ɗauke ni, kai za ka riƙe mini tef. Ƙorama arba'in ce za mu auna."

Na ce, "Arba'in? Wa zai ci da iyalina?"

Ya ce, "Za mu san yadda za a yi. Ka dai ce za ka zo."

Na ce, "Zan zo, Armi. Ka gaida Yaya."

Ya ce, "Zai ji."